Anti Tsaya A Gidan Hajiya

Duk yaron da zai shiga gidan renon nan sai ya bi ta hannunta, ko da kuwa ubansa ne ya gina unguwar.

Da sassafe takan tsaya a bakin get, ta durƙusa daidai tsayin yaro, ta ɗora bayan hannunta a goshinsa, ta leƙa bayan kunne, ta ce, "Buɗe baki, aaa." In ta ga abin da bai kwanta mata a rai ba, kalmarta ɗaya ce: "Tsaya." Daga nan yara suka laƙaba mata Anti Tsaya, iyaye suka ɗauka, har ta kai in ka kira ta da sunanta na yanka sai ta yi jim kafin ta waiwayo.

Yau kam hannun ne kawai yake aiki, zuciyar tana can wani gida.

Yau ce ranar da Hajiya ta ce a kawo mata ita bayan la'asar, ta gan ta da idonta.

Hajiya ita ce mahaifiyar Dogo. Dogo kuwa shi ne mai haɗa wutar solar nan da ya zo ɗaukar 'yar yayarsa wata rana, ya ga Anti, tun daga nan ƙafarsa ba ta sake ɗaukewa daga bakin get ɗin ba. Su dai sun gama magana tuntuni. Hajiya ce ta kafe. Ta ce ɗanta ba zai auri mai wanke kashin 'ya'yan mutane ba, wadda za ta riƙa kwaso mata tari da majina tana shigo da su gida, alhali ga 'yar ƙanwarta nan mai aikin banki, tsaf da ita.

Mutum ɗaya ce ta tsaya musu a duk gidan, wato Yaya Babba, yayar Dogo. Ita ta yi ta naci, yau roƙo gobe fushi, har Hajiya ta gaji ta ce, "To, a kawo ta in gani."

Sai ga motar Yaya Babban ta ja birki a bakin get.

"Amaryarmu!" ta kwaɗa mata kira tun kafin ta fito. Ta sha kwalliya, ƙamshi na tashi, tana ta duban agogo. "Karɓi mutuniyarki da sauri. Yau ce ganawar ƙarin girman nan da na shekara ina jira, in na makara na kaɗe. Kin dai shirya wa yamma ko? Kada ki ba ni kunya fa."

Anti ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. Ta durƙusa gaban Gimbiya.

Gimbiya 'yar shekara uku ce, bakinta ba ya hutawa kamar rediyo. Yau ko gaisuwa ba ta yi ba, ta dai jingina da ƙafar uwarta.

Goshin sanyi ƙalau.

Har Anti ta buɗe baki za ta ce wuce, sai hancinta ya jiyo wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi. Ta duba wuyan rigar. Ga ɗigon maganin zazzaɓi nan, bai ma gama bushewa ba, yana danƙo.

Ta san wannan dabarar sarai. Iyaye ne in aiki ya matse su, sai su ɗura wa yaro magani a cikin mota, goshi ya yi sanyi a wuce get lafiya, kafin azahar jiki ya dawo rau, su kuwa sun yi nisa. Ba mugunta ba ce, matsuwa ce, amma yaran da ke ciki ba su san wannan ba.

Ta ɗago haɓar yarinyar. Idanu ja, suna ruwa. Gimbiya ta yi wani busasshen tari. Anti ta ɗage jelar kitson da ta rufe bayan kunnen.

Ta ƙura wa wurin ido.

Ƙananan ƙuraje ne birjik, sun taso daga gindin gashi suna gangarowa wuya. Ta taɓa ganin irinsu, ba ta kuma fatan sake gani. Can ƙarshen baranda ga ɗakin jarirai, cike da waɗanda ba su ma isa allurar ƙyanda ba.

Ya Allah, ta ce a ranta, duk yaran garin nan a rasa wadda za ta zo da wannan yau sai Gimbiya?

"Tsaya," ta ce.

Yaya Babba ta yi dariya. "Ke dai ba kya gajiya da wasa. Sai an jima."

"Yaya, ba wasa nake ba. Tun yaushe take zazzaɓi?"

"Wane zazzaɓi? Ba yanzu kika taɓa ta ba?"

"Na taɓa. Na kuma ga maganin a wuyan riga. An yi mata allurar ƙyanda?"

Fuskar Yaya Babba ta sauya. "Lokacin muna ta tashin gida, ban samu na koma ba. To meye? Ƙurajen zafi ne, kowane yaro yana yi."

"Allah ya sa su ne. Ni ba likita ba ce, shi zai faɗa. Amma da wannan idon, da wannan tarin, ba za ta shiga cikin yara ba."

Iyaye biyu da ke bayansu suka ja 'ya'yansu baya a hankali. Yaya Babba ta gani. Nan take ranta ya gama ɓaci. Ta matso ta rage murya.

"Ke, kin san da wa kike magana? Ni ce fa. Ni na durƙusa gaban Hajiya saboda ke. Yini ɗaya kawai nake roƙo, ki ajiye ta a lungu, kafin azahar na dawo."

"Ga ɗakin jinya nan gefen get, ƙofarsa daban take. Zan zauna da ita a ciki ni kaɗai, a kira Dogo yanzu ya zo ya kai ta asibiti. Ki tafi ganawarki."

"Ɗakin masu cuta? Ki kulle mini 'ya kowa yana kallo, gobe a cika unguwa da cewa ni na kawo annoba?" Ta finciki hannun Gimbiya. "Ashe haka kike? Tun ba ki shigo gidan ba kin fara nuna mana iko?"

Ta tura yarinyar mota ta buga ƙofa. Anti ta bi ta da gudu har gilashi.

"Yaya, don girman Allah, kada ki kai ta gidan Hajiya. Jaririn ƙanwarki Auta yana can, bakwaini ne, jikinsa ba zai jure ba."

"Har gidan uwata za ki kafa mini doka?" Yaya Babba ta dube ta sama da ƙasa. "Mu haɗu da yamma."

Motar ta bar ta cikin ƙura. Ta juya, ta durƙusa gaban yaro na gaba ta ce, "Buɗe baki."

* * *

Ranar nan ba wanda ya zauna.

Madam mai gidan renon ta dafe kai da ta ji. "Kin san in muka faɗa wa iyaye, rabinsu za su kwashe 'ya'yansu?"

"Jiya Gimbiya ta yini a nan tana tari, Madam. Ni ma na ɗauka mura ce. In muka yi shiru wani jariri ya kwanta, da wane ido za mu kalli uwarsa?"

Madam ta yi tsaki, ba da ita ba, da ranar. Ta jawo waya.

Aka bubbuɗe tagogi. Aka kwashe kayan wasa aka zuba a manyan robobi da ruwan sabulu, aka fitar da katifu rana, aka yaye zannuwa. Masu kula da jarirai aka ce kada su leƙa ɗakin manya, na manya kada su leƙa nasu. Anti ta yi ta kiran iyaye ɗaya bayan ɗaya tana tambayar wanda aka yi wa allura da wanda ba a yi wa ba, tana cewa a tuntuɓi asibiti yau, ba gobe ba. Wasu suka gode, wasu suka zage ta tas, ta ce Allah ya ba da haƙuri.

Tana cikin wanke wata 'yar tsana mai ido ɗaya kiran Dogo ya shigo.

"Anti, me ya haɗa ki da Yaya? Ta kira ni tana kuka. Ta rasa ganawar, tana gida da Gimbiya."

Ta faɗa masa komai, ba ragi. Ta ce, "Ka je ka kai yarinyar asibiti, don Allah."

"Na je. Ta hana ni ko taɓa ta, wai ni da ke bakinmu ɗaya." Ya sauke numfashi. "Ki saurare ni. Ni ban ce kin yi laifi ba. Amma yau, yau ɗaya tak, ki ajiye mini Anti Tsaya a bakin get. In kin zo ki gaida Hajiya, duk abin da ta faɗa ki ce to. Ko zagin ki aka yi, ki ce to. Kin san irin wahalar da muka sha kafin mu ga wannan ranar."

"Na sani."

"In ta ce a'a yau, ba za ta sake buɗe bakin maganar ba. Na san uwata. Ni kuma wallahi ban san yadda zan yi da raina ba in ba ke."

Hawaye ya ɗigo mata cikin ruwan sabulun. "Zan ce to," ta ce. "Na yi maka alkawari, duk abin da aka yi mini zan ce to."

A gida ta tarar da wata sabuwa. Kwalaye a tsakar ɗaki, atamfa da turare da madarar gwangwani, Umma na zaune a gefe tana kallon su kamar baƙi masu daraja.

"Alhajin kemis ne ya aiko," in ji Umma. "Ya ce a gaya miki har yanzu ƙofarsa a buɗe take."

Alhajin kemis mai shagon magani ne a bakin titi, ya daɗe yana bin ta. Maganarsa kullum ɗaya ce: ta bar aikin gogar majinar nan, ya ajiye ta a gida ta huta.

"Umma, a mayar masa."

"A mayar! Ji ta kamar da gaske. 'Yar nan, ni na haife ki, amma taurin kan nan ban san inda kika samo shi ba. Labari ya iso ni tun hantsi. Mace ɗaya da ke ƙaunarki a gidan, ita kika tozarta a bainar jama'a. Da kin kau da kai yini ɗaya, wa zai sani?"

"Ni zan sani, Umma."

"To sai ki auri sanin!" Muryar Umma ta karye. "Ina ji ina gani ƙannenki a unguwa duk sun yi aure. Mutum ga shi yana son ki da mutunci, ba wanda zai ce miki mai wankin kashi. Kin nace sai inda ake kallon ki a wulaƙance. Ni ba kayansa nake so ba, wallahi. Kukan da kike yi a ɗaki kina zaton ba na ji, shi ne ba na so."

Anti ta durƙusa ta kifa kai a gwiwar uwarta. Suka yi kukansu mai isarsu.

"Umma, ki yi mini addu'a kawai. Dogo nake so. Aikin nan ma ina son sa. In sai na bar ɗaya, ba yau zan zaɓa ba."

Umma ta share mata fuska da gefen zani. "Tashi ki yi wanka, kayan aikin nan ki jiƙa su daban. In kin je ki sunkuyar da kai. Bakin nan naki ki bar shi a gida, zan ajiye miki."

* * *

Falon Hajiya babba ne, labule har ƙasa, tagogi a rufe saboda sanyin na'ura. Daga gefen hagu wani siririn lungu ya miƙe, a ƙarshensa ƙofar ɗakin da Auta take. Auta ƙanwar Dogo ce. Aiki aka yi mata aka ciro jaririn tun watanninsa ba su cika ba, bai daɗe da fitowa daga kwalba ba, shi ya sa Hajiya ta ɗauko su ta ajiye kusa da ita.

Anti ta zauna a kan kafet, ta naɗe ƙafa, ta ja mayafi. Dogo na tsaye jikin bango, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

Hajiya ta amsa gaisuwar a taƙaice. Ta daɗe tana kallon ta ta saman tabarau.

"Ke ce mai renon?"

"Ni ce, Hajiya."

"In an yi auren, aikin fa?"

Anti ta ji idon Dogo a kanta. "Duk yadda manya suka gani, za a zauna a duba, Hajiya."

"Hmm. Da baki dai kam akwai ladabi."

Kai ka ce abin zai tafi daidai. Har Hajiya ta tura mata kofin lemo da kanta. Dogo ya saki ajiyar zuciya.

Sai aka turo ƙofa ba sallama.

Yaya Babba ce, ido a kumbure, Gimbiya a kafaɗarta. An canja wa yarinyar riga, an shafe mata wuya da hoda fari fat.

"Yawwa, gara da na same ta. Hajiya, taɓa yarinyar nan. Taɓa ki ji, don Allah."

Hajiya ta karɓi jikarta ta rungume, ta shafa goshin. "Lafiyarta ƙalau. Me ya faru?"

"Ita wannan da na yi ta roƙon ki a kanta, ita ta kore mu yau a gaban mutane, wai 'yata na da ƙyanda. Na rasa ganawata. Aikin shekaru ya tafi a banza. Hajiya, na janye bakina, ke kika fi ni gaskiya."

Hajiya ta juyo a hankali. "Haka aka yi?"

Ƙamshin maganin nan mai zaƙi ya iso hancin Anti har inda take zaune. An sake ɗura mata ke nan. Ta dunƙule hannu a cikin mayafi.

"Haka aka yi, Hajiya. A yi haƙuri."

"Jikata kika kora? To madalla. Tun daga waje ke nan."

"A yi haƙuri," ta sake cewa. Ta yi alkawari, za ta cika. A zage ta, a zagi aikinta, duk za ta shanye.

Gimbiya ta ɗago kai daga ƙirjin kakarta, ta yi tarin nan, ta ce da 'yar dasasshiyar murya, "Hajiya, zan ga bebi."

"Zo mu je, uwata. Zo ki ga ƙaninki, ki bar masu korar mutane."

Hajiya ta miƙe, ta riƙo hannun yarinyar, suka nufi lungun.

Anti ta dubi Dogo. Ya girgiza mata kai kaɗan, idonsa na roƙo. Ta tuna Umma. Ta tuna duk daren da ta kwana tana addu'ar wannan ranar. Alkawarin da ta yi na abin da za a yi mata ne. Wanda ke bayan ƙofar can kuwa ko kuka bai iya da ƙarfi ba.

Ba ta san lokacin da ta tashi ba. Kofin lemon ya kife a kafet. Ta sha gabansu, ta tsaya a bakin lungun, ta ware hannuwa ta dafe bango da bango.

"Hajiya, ki tsaya."

Tirƙashi! Hajiya ta ja ta tsaya.

"Me kika ce?"

"Ki tsaya, don Allah. Gimbiya ba za ta shiga ɗakin nan ba." Ta ɗaga murya ba tare da ta juya ba. "Auta! Ki rufe ƙofarki, ki buɗe taga, kada ki fito da shi!"

"Innalillahi!" Yaya Babba ta tafa hannu. "Kun gani ko? Kun gani da idonku?"

"A gidana?" Hajiya ta daka mata tsawa. "A gidana za ki tare mini hanya? Ke wace ce? Uban wa ya aiko ki?"

"Ba kowa ba ce ni, Hajiya. Mai reno ce, kamar yadda kika faɗa. Abin da na iya ke nan." Hawaye na zuba, ba ta sauke hannu ta share ba. "Wataƙila na yi kuskure. In likita ya duba ya ce ba ita ba ce, wallahi zan dawo in durƙusa a gaban Yaya, ta taka ni in ta so. Amma in ita ce, Gimbiya da yardar Allah za ta sha magani ta tashi. Wancan na ciki ba shi da jikin da zai yi faɗa da ita."

"Matsa."

"Ki mare ni, Hajiya, na yarda. Ba zan matsa ba."

Hajiya ta nuna ta da yatsa. "To ki buɗe kunne. In ba ki kauce daga nan ba, ke da ɗana har abada. Ban taɓa yin magana biyu ba, ga shi nan ki tambaye shi."

"Anti…" in ji Dogo. Muryarsa ba ta kai ko'ina ba.

Ta dube shi. Kai, so bala'i ne! Ji ta yi kamar ana zare mata wani abu daga ƙirji da hannu.

"Ina son sa, Hajiya. Ban taɓa faɗa a gaban kowa ba sai yau, ki yafe mini rashin kunyar. Ban san yadda zan kwana yau ba. Amma in na matsa don a ba ni shi, wani abu ya sami jaririn nan, da wace fuska zan zauna a cikinku? Na ji hukuncinki. Ina nan inda nake."

Daga ƙarshen lungun aka ji ƙaras, an murza makulli.

"Hajiya, ki yafe ni," muryar Auta ta fito ta bayan ƙofa, tana kuka. "Ba zan buɗe ba."

Dogo ya taso daga jikin bangon. Bai kalli kowa ba. Ya durƙusa gaban uwarsa, ya zare hannun Gimbiya daga nata a hankali, ya ɗauki yarinyar.

"Hajiya, ki gafarce ni. Asibiti zan kai ta."

Kafin ya juya Hajiya ta riƙo shi. Ta sa gefen mayafinta ta goge hodar da ke wuyan yarinyar, ta ɗage kitson. Ta daɗe tana kallo.

Yaya Babba ta zube a kujera ta rufe fuska. "Ba ta yi barci ba jiya, ni ma ban yi ba," ta ce cikin kuka. "Tsoro nake ji, Hajiya. Na ƙi a faɗa ne don kada ya zama gaskiya."

"Tashi ki bi 'yarki," in ji Hajiya. Sannan ta juyo ga Anti, fuskar nan ba alamar rahama. "Ke kuma fitar mini daga gida."

Sai a lokacin Anti ta sauke hannuwanta. Sun yi tsami. Ta rusuna ta ce, "Na gode, Hajiya," ta fita.

A baranda ta tsuguna tana neman sa takalmi, yatsunta sun ƙi kama maɗaurin. Dogo ya zo wucewa da Gimbiya a kafaɗa, Yaya Babba na biye ba ta ko dubi inda take ba. Ya ja ya tsaya.

"Ki jira ni. Zan dawo in yi mata magana, zan…"

"Kada ka tsaya. In kun isa ka faɗa musu tun daga ƙofa abin da ake zato, kada su zaunar da ita cikin yara. Tafi."

Ya tafi. Ta bi motar da ido har ta fice daga get. Shi ke nan, ta ce a ranta. Ta samu ta ɗaura takalmi ɗaya, ta jawo ɗayan.

"Ke."

Ta ɗago. Hajiya ce a bakin ƙofa, ta cire tabarau, ta riƙe hannuwanta nesa da jikinta kamar wadda ta taɓa manja.

"Na rungume ta. Ta yi mini tari a jiki. Zan iya shiga wurin jaririn?"

Anti ta miƙe da takalmi ɗaya a ƙafa.

"A'a, Hajiya. Ki yi wanka tukuna, ki canja kaya. A kashe na'urar nan a buɗe tagogin falon duka. A kira likitan da ke duba shi yanzu, a faɗa masa abin da ya faru, shi zai ce ga wanda zai shiga."

Hajiya ta dubi hannuwanta. Can ta ce, "Anjima 'yan dubiya za su fara zuwa. Ba sa jin magana, ni ma in na ji kukansa ba na ji." Ta kau da kai. "Ban ce na yafe ba. Maganar da na yi kuma ban janye ba."

"Na sani, Hajiya."

"Cire takalmin nan. Ki wanke hannu, ki je ki tsaya mini a ƙofar can har likita ya zo. Kada ki bar kowa ya shiga. Kowa fa na ce, har ni."

Anti ta sunkuya ta kwance maɗaurin da ta sha wahalar ɗaurawa.

Ta wanke hannu har gwiwa, ta tsallake lemon da ya jiƙe kafet, ta bi lungun ta jingina bayanta da ƙofar. Daga ciki jaririn ya saki wani ɗan siririn kuka, Auta na lallashin sa. Anti ta goge idonta da bayan hannu, ta gyara tsayuwa.